Darasi na 7: Jini a Bayan Gida da Kansar Ƙarshen Hanji

A wannan darasi za mu taɓo wani wuri na jiki da ba a saba ambatonsa cikin jama'a ba, da wata cuta da ke kama shi. Ku yi haƙuri da kalmomin da za ku ji. Dukanmu manya ne, kuma maganar lafiya ba ta yiwuwa da sakaya zance. Abin da ake so shi ne kowa ya tashi daga ajin nan ya san alamun wannan cuta, ya kuma san abin da likita zai yi masa daki-daki, don kada tsoron abin da bai sani ba ya zaunar da shi a gida.

Soba

Wanda ya baro tsakiyar Hartum ya kama hanyar Wad Madani, bayan tafiyar kilomita 15 ko sama da haka kaɗan zai iso Soba, a bakin Shuɗin Nilu. Suna ne mai tsohon tarihi, domin a tsallaken kogin ta gabas kufan birnin daular Alwa yake, wadda ta rushe wajen farkon ƙarni na 16. Amma a zamaninmu, in ka ji mutumin Hartum ko Omdurman ya ce an kwantar da wane a Soba, asibiti yake nufi. Asibitin Jami'a na Soba, wanda aka buɗe a 1975, kafin yaƙin 2023 nan ne Jami'ar Hartum ke horar da likitocinta, kuma can ake tura ciwon da ya gagari ƙananan asibitoci. Hausawan Sudan sun san hanyarsa: na unguwannin kudancin Hartum, da na Gadarif da Damazin, da na Maiurno kusa da Sinnar, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Kafin yaƙin 2023, mai ciwon hanji a Hartum yakan yi zirga-zirga tsakanin wurare uku: Soba, da Asibitin Ibn Sina inda cibiyar cututtukan ciki da hanta take, da cibiyar gashin kansa da aka buɗe a 1967, wadda kowa ke kira Asibitin Zarra. Likitocin waɗannan wurare sun sha rubuta abin da suke gani, kuma bayaninsu kusan ɗaya ne. A cikin masu kansar babban hanji, ƙarshen hanji ne wurin da ta fi kamawa. Da yawansu ba su kai shekara 50 ba, har da waɗanda ba su cika 40 ba, alhali a Turai an fi saninta a jikin tsofaffi. Sannan mafi yawansu ba sa zuwa sai ta yi nisa. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Shika a Zariya sun ba da irin wannan labari game da nasu majinyatan.

Zuwa a makare shi ya fi damuna, domin shi ne yake hannunmu. Ba mu da iko a kan shekarun da cuta za ta zo, amma muna da iko a kan ranar da za mu kai kanmu a duba mu.

Cutar ba baƙuwa ba ce a ko'ina. Ƙididdigar duniya ta 2020 ta nuna mutum fiye da miliyan 1.9 sun kamu da kansar babban hanji a wannan shekarar, fiye da 900,000 kuma sun rasu. Ita ce ta uku wajen yawa a cikin kansa, ta biyu wajen kisa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ita, a ƙarshen hanji take.

Wurin da ake magana a kai

Duk wanda ya taɓa wanke kayan cikin rago ranar layya ya san hanji iri biyu ne, siriri mai tsawo da kakkaura, kuma na mutum ma haka yake. Kakkauran, wato babban hanji, tsawonsa kimanin mita 1.5 ne, aikinsa tsotse ruwa daga ragowar abinci. Santimita 12 zuwa 15 na ƙarshensa, ƙasa da taƙi ɗaya ke nan, shi ne muke kira ƙarshen hanji. Nan bayan gida ke taruwa kafin ya fita. Daga shi sai gajeriyar mafita ta dubura, wadda zoben tsoka ya kewaye. Wannan zobe shi ke riƙe wa mutum bayan gida da iska har ya sami wurin da ya dace.

Bangon hanji hawa-hawa ne. Daga ciki akwai shimfiɗa mai laushi mai fitar da majina. Bayanta tsoka ce. Bayan tsoka akwai kitse mai ɗauke da jijiyoyin jini da ƙananan kaluluwa. Ku riƙe wannan jeri, domin da shi ake auna nisan da cuta ta yi.

Shimfiɗar ciki tana sabunta kanta cikin 'yan kwanaki, ƙwayoyin halitta na mutuwa wasu na maye gurbinsu. Wani lokaci sai a sami kuskure cikin wannan sabuntawa, wasu ƙwayoyi su ƙi tsayawa, su taru su zama ɗan tsiro. Yawancin irin wannan tsiro ba sa zama komai. Amma wasu, a hankali, cikin shekara 10 ko fiye, sai su rikiɗe su zama kansa, su fara kutsawa cikin bangon hanji. A duk tsawon waɗannan shekaru mutum ba ya jin zafi, domin shimfiɗar hanji ba ta jin ciwo yadda fata ke ji. Shi ya sa jiran zafi kafin a je asibiti babban kuskure ne. In zafi ya zo, sau da yawa cutar ta riga ta isa tsoka ko jijiyoyin da ke kewaye.

Ba a ɗaukar wannan cuta ta cin abinci tare, ko ta buta, ko ta shimfiɗar aure. Ba jifa ba ce, ba kuma sakamakon wani laifi da mutum ya aikata ba.

Alamu, da sunan da muke laƙaba musu

Babbar alama ita ce jini a bayan gida. Yakan zo ja, yakan zo ya ɗan yi duhu, sau da yawa a cakuɗe da bayan gidan ko da majina. Ta biyu ita ce sauyin al'adar ciki: wanda ya saba fita sau ɗaya a yini ya koma sau huɗu ko biyar, ko gudawa da taurin ciki su riƙa karɓa-karɓa, ko bayan gida ya sirance. Akwai kuma wata da ta keɓanta da ƙarshen hanji, wadda ya kamata a san ta sosai. Mutum zai ji bayan gida ya matso shi, ya je ya tsuguna ya yi ta yunƙuri, ba abin da ke fita sai majina da ɗan jini. Ya tashi yana jin bai gama ba, jim kaɗan ya sake komawa. Dalili shi ne ƙarin da ke zaune a wurin yana cika ma'ajiyar, sai jiki ya ɗauka bayan gida ne, ya yi ta ƙoƙarin fitar da abin da ba zai fita ba. Daga baya sai rama, da rashin son abinci, da ƙarancin jini mai kawo kasala da haki da jiri. Namiji baligi ko macen da haila ta ɗauke wa, in aka ce jininsu ya yi ƙasa ba tare da wani dalili a fili ba, ya kamata a bincika hanjinsu, ba a tsaya ga maganin ƙarin jini kawai ba.

To, ina matsalar take? Duk waɗannan alamu muna da sunan da muka riga muka tanadar musu: basir. Daga tashoshin motar Kano zuwa kasuwannin Omdurman, ba inda ba za ka sami mai sayar da maganinsa ba. Basir mai tsiro, basir mai jini, basir mai sa kasala, basir mai ciwon baya. Sunan ya zama buhun da ake zuba kowane ciwo na ƙasan jiki, kuma da zarar an sa wa ciwo suna, hankali ya kwanta, an daina bincike.

Basir na gaskiya yana nan, kuma ya fi kansa yawa nesa ba kusa ba. Kumburin jijiyoyin jini ne a mafitar dubura. Jininsa yakan zo ja jawur, yana ɗiga bayan an gama. Ba ya rikiɗa ya zama kansa. Haka nan tsagewar dubura tana kawo jini da zafi mai tsanani. Atini yana kawo jini da majina da murɗa. A Jazira, inda aka shimfiɗa magudanan ban ruwa tun bayan gina madatsar Sinnar a 1925, bilharziyar hanji ta zama ruwan dare, ita ma tana sa jini a bayan gida. Saboda haka mafi yawan masu ganin jini ba kansa ke gare su ba, kuma wannan abin kwantar da hankali ne. Sai dai ba wanda zai iya bambance su daga kallon jini kawai, ko likita. Kuma mutum ɗaya yana iya samun basir da kansa a lokaci guda.

Mu ɗauki misali, ba da wani takamaiman mutum ba. Magidanci ne mai shekara 44, yana aikin gona a Jazira. Ya ga jini, aka ce basir, ya sha jiƙo wata uku. Majina ta ƙaru, ya je kantin magani aka ce atini, aka ba shi Flagyl, ya ɗan ji sauƙi. Ya dawo, aka ce ai mutumin bakin ruwa ne, aka ba shi maganin bilharziya. Ya fara ramewa, aka haɗa shi da maganin ƙarin jini. Kowane mataki yana da hujjarsa, ba wanda ya yi masa mugunta. Amma shekara ta zagayo ba wanda ya sa safar hannu ya duba wurin. Irin wannan tafiya ce ke kai mutane Soba a makare.

Ga ƙa'idar da za ku riƙe. Jini a bayan gida ko sauyin al'adar ciki da ya kai mako 3, ko ya tafi ya dawo bayan an sha magani, yana buƙatar a duba, ko shekarun mutum nawa. In kuwa ciki ya kumbura, ga amai, ba bayan gida ba fitar iska, hanji ya toshe ke nan: a tafi asibiti a wannan sa'a, ko tsakar dare ne.

A ɗakin likita

Abu na farko tambaya ce, kuma amsarku rabin aikin ce. Ku saurari wannan:

"Baba, me ke tafe da kai?"

"Likita, basir ne ya matsa mini."

"To Baba, mu ajiye sunan tukuna. Gaya mini abin da idonka ya gani. Jinin ɗiga yake yi bayan ka gama, ko a cakuɗe yake?"

"A cakuɗe yake, da majina. Tun kafin azumi nake ganinsa. Kuma in na fita sai in ji kamar da saura."

"A danginku akwai wanda ya taɓa irin wannan ciwo?"

"Yayana da shi ya rasu, Allah ya jiƙansa."

Da Baba ya tsaya a kan maganarsa ta farko, da wataƙila an rubuta masa man shafawa ya koma gida. Ku faɗi abin da kuka gani, da lokacin da ya fara, ku bar wa likita sa suna.

Abu na biyu shi ne dubawa da yatsa, kuma a nan ne mutane da yawa ke juyawa. Ga yadda ake yi. Majinyaci zai kwanta ta gefen hagu, ya naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirji, a lulluɓe shi da zane. Likita zai sa safar hannu, ya shafa mai, ya duba waje tukuna, sannan ya sa yatsa ɗaya a hankali. Bai fi minti ɗaya ba. Akwai rashin daɗi, amma ga yawancin mutane ba zafi. Yatsa yana kaiwa santimita 7 zuwa 8, kuma yawancin kansar da ke ƙasa-ƙasa a ƙarshen hanji tana cikin wannan tazara. Da yatsan nan likita zai san ko akwai ƙari, ko mai tauri ne, ko yana motsi ko ya manne, da nisansa daga zoben tsoka. Ba ya buƙatar wutar lantarki ko na'ura, ana iya yinsa a asibitin ƙauye kamar yadda ake yi a Soba.

Na san kunya ce ke hana mu, kuma kunya ɗabi'a ce mai kyau da aka rene mu a kanta. Amma malamai ba su yi saɓani ba cewa larurar magani tana halatta buɗe al'aura gwargwadon buƙata. Mace tana da haƙƙin neman likita mace in akwai, ko a sa ma'aikaciyar jinya ko 'yar'uwarta ta tsaya a ɗakin. Namiji ma haka. Dattijo kada ya ce wannan likita sa'an ɗana ne. Kuma ina faɗa ba tare da kwana-kwana ba: ma'aikacin lafiyar da ya ba baligi maganin basir bai duba shi ba, bai gama aikinsa ba. In aka miƙo muku takardar magani ba a duba ku ba, ku tambaya cikin ladabi: "Likita, ba za a duba wurin ba?"

In yatsa bai taɓa komai ba alhali alamu suna nan, magana ba ta ƙare ba, domin ƙarin yana iya kasancewa sama da inda yatsa ke kaiwa. Sai a wuce zuwa kamara, wadda mutanen Hartum ke kira minzar. Wani siririn bututu ne mai lanƙwasa, da fitila da kamara a bakinsa. Akwai gajere mai duba ƙarshen hanji da abin da ke sama da shi kaɗan, akwai dogo mai zagaye babban hanji gaba ɗaya, shi ne kolonoskofi. Dogon ya fi, domin a jikin wasu 'yan kaɗan akan sami ƙari na biyu a can sama, kuma duk ɗan tsiron da aka gani ana iya cire shi nan take kafin ya zama wani abu. Wahalar tana ga shiri: kwana ɗaya kafin aikin ba a cin abinci mai nauyi, ana shan maganin wanke ciki da ruwa mai yawa har abin da ke fita ya zama garau. Wanda ya yi ha'inci a shirin nan kansa ya cuta, domin kamara ba ta ganin abin da ƙazanta ta rufe, sai a sake. Shi aikin kamarar kimanin rabin sa'a ne, kuma akan ba da allurar da ke sa jiki ya saki.

In an ga ƙari, za a gutsuri ɗan nama na milimita 2 ko 3, a kai ɗakin gwaji, masani ya duba shi a ƙarƙashin madubi. Wannan kaɗai ke tabbatar da kansa. Kafin sakamakonsa ya fito, duk abin da aka faɗa zato ne. Akwai wata magana da ta yaɗu a cikinmu, a Sudan da ƙasar Hausa baki ɗaya, wai in ƙarfe ya taɓa kansa sai ta fusata ta bazu. Ba gaskiya ba ne. Abin da ya haifi wannan magana shi ne mutane suna zuwa bayan cuta ta riga ta bazu, in aka yi gwaji suka rasu ba da jimawa ba, sai a ɗora wa gwajin laifin da jinkiri ya yi.

Abu biyu suna yaudarar mutane, ku kula da su. Na farko hoton ciki, wanda ake shafa mai a goga na'ura a kan ciki. Yana da amfani wajen duba hanta da ƙoda da mahaifa, amma ba ya ganin cikin ƙarshen hanji. Mutum ya zo da takarda yana murna an ce hotonsa lafiya lau, alhali ba a leƙa inda ciwon yake ba. Na biyu gwajin jini da ake kira CEA. Yakan hau a jikin wasu masu cutar, amma yana iya zama daidai ga mai ita, ya kuma hau ga mai shan taba wanda ba shi da ita. Amfaninsa bibiyar majinyaci bayan magani ne, ba gano cuta ba.

Ina ta kai?

Bayan an tabbatar, sai a nemi sanin nisanta. Hoton MRI na ƙugu yana nuna zurfin da ta yi cikin bangon hanji, da halin kaluluwa, da kusancinta da maƙwabta. Maƙwabtan kuwa suna da yawa, domin ƙugu matsattsen wuri ne: ga mafitsara, ga furostet ga namiji, ga mahaifa da farji ga mace, ga jijiyoyin da ke kula da fitsari da kusantar iyali. Hoton CT na ƙirji da ciki kuma yana duba hanta da huhu, wuraren da ta fi yin ƙaura zuwa gare su.

Wani masani mai suna Cuthbert Dukes, a Asibitin St Mark's na Landan, shi ya nuna a 1932 cewa makomar majinyaci tana bin zurfin da kansar ƙarshen hanji ta yi. A kan aikinsa aka gina matakai huɗu na yau. A mataki na 1 tana cikin bangon hanji. A na 2 ta ratsa bangon amma ba ta kai kaluluwa ba. A na 3 ta shiga kaluluwa. A na 4 ta isa wani sashe mai nisa. Ƙididdigar Amurka ta nuna cewa in aka kama ta ba ta fita daga inda ta tsiro ba, kusan mutum 90 cikin 100 suna raye bayan shekara 5. In ta kai kaluluwa da kewaye, sama da 70 ne. In ta yi nisa, ba su kai 20 ba. Rai na hannun Allah, amma waɗannan lambobi suna nuna abin da watannin shan jiƙo ke cinyewa. Duk da haka mataki na 4 ba yanke ƙauna ba ne: akwai waɗanda ake cire musu abin da ya je hanta, kuma kowa ana iya rage masa zafi da wahala.

Magani, da tsoron jaka

Magani darasi ne mai zaman kansa, a nan za mu taɓa shi ne kawai saboda tsoronsa yana hana zuwa gwaji. Ginshiƙinsa tiyata ce. A 1982 wani likitan Ingila, Bill Heald, ya bayyana hanyar cire ƙarshen hanji tare da dukkan kitsen da ke lulluɓe da shi ba tare da an fasa shi ba, abin da ya rage dawowar cutar a wurin ƙwarai da gaske. In ƙarin ya yi zurfi, akan fara da gashi, na kwana 5 ko na mako 5 zuwa 6, sau da yawa tare da maganin kimo, don ya motse kafin a yanka.

Abin da mutane suka fi tsoro shi ne jaka, wato a fito da hanji ta gefen ciki a manna masa leda. Ba kowa ake yi wa ba. Ga da yawa ta wucin gadi ce, ta 'yan watanni, har ɗinki ya warke a mayar. Ta dindindin sai in ƙarin ya kama zoben tsoka ko ya matse shi sosai, kuma zuwa da wuri yana ƙara damar tsira da zoben. Mai jaka yana noma, yana kasuwa, yana zaman aure, yana zuwa masallaci. Malamai suna sanya shi cikin masu uzuri, kamar mai yoyon fitsari, sallarsa ingantacciya ce. Wanda abin ya shafa ya zauna da malamin unguwarsu ya yi masa bayanin alwala.

Abin da yaƙi ya koyar

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin soja da dakarun RSF. Asibitin Zarra ya daina aiki. Majinyata suka kwarara zuwa cibiyar kansa ta Jami'ar Jazira a Wad Madani, har ita ma yaƙi ya cim mata a Disamba 2023. Daga nan masu neman gashi suka nufi Marawi a arewa, masu hali suka tsallaka Masar. 

Mutane da dama sun isa sabon asibiti hannu rabbana, ba takarda ko ɗaya, aka sake musu gwaji daga farko, ga kuɗi ga ɓata lokaci. Saboda haka duk wanda aka yi wa kamara ko aka gutsuri namansa, ya karɓi sakamakon a rubuce, ya adana shi cikin leda, ya ɗauki hotonsa a waya, ya tura wa wani ɗan'uwa da ke wani gari. Wannan shawara ta shafi na Kano da Sakkwato da Maraɗi ma, domin su ma sukan yi gwaji a gari ɗaya, gashi a wani.

Dangi da rigakafi

Wanda mahaifinsa, ko mahaifiyarsa, ko ɗan'uwansa na jini ya yi wannan cuta, haɗarinsa ya kusan ninka na sauran mutane. Shawarar likitoci ita ce a fara duba shi da kamara yana shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano ta a jikin ɗan'uwan nasa, duk wanda ya riga zuwa. In an gano ta a jikin yaya yana da 42, ƙanne su fara a 32. Don haka ɓoye wa dangi sunan ciwon da ya kashe mutum zalunci ne ga masu rai, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya. Ga sauran jama'a, Amurka ta sauko da shekarun fara bincike daga 50 zuwa 45 a 2021, ganin yadda cutar ke ƙaruwa a tsakanin masu ƙananan shekaru. Akwai kuma gwajin bayan gida mai gano jinin da ido ba ya gani, wanda ake yi wa masu lafiya, amma ba ya maye gurbin dubawa ga wanda ya riga ya ga alamu.

Taba, da giya, da ƙiba, da yawan zama suna ƙara haɗari. A 2015 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa naman da aka sarrafa, irin su sosej, yana jawo kansar hanji, ta kuma ce mai yiwuwa ne yawan jan nama ma yana yi. Tsinken agashe jefi-jefi ba shi ne matsala ba, mayar da nama abincin kullum ne. Abincinmu na gado, dawa da gero da ba a cire musu dusa duka ba, da wake, da kuɓewa, da ganye, yana taimakon hanji. Sai dai mai kiyaye duk waɗannan ma yana iya kamuwa, don haka kada kyawun abincinsa ya sa ya raina jinin da ya gani.

Tambayoyi

1. Me ya sa mai ƙari a ƙarshen hanji yake jin bai gama bayan gida ba?
2. Wani ya ce muku hoton cikinsa ya fito lafiya lau, amma har yanzu yana ganin jini. Me za ku gaya masa?
3. An gano cutar a jikin wata mata tana da shekara 45. Yaushe ya kamata a fara duba 'ya'yanta?
4. Ku tattauna a aji: wace hanya ɗa ko 'ya za su bi su shawo kan mahaifin da ya ƙi yarda a duba shi?

Aikin gida

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowa ya tambayi manyan gidansu ko akwai wanda ya taɓa yin ciwon hanji a dangi, da shekarunsa lokacin da abin ya same shi, ya rubuta. Kowa kuma ya binciko asibiti mafi kusa da shi da ake yin kamarar hanji, da ranar da ake yi, ya kawo wa aji. In kuwa a cikinku akwai wanda yake ganin jinin nan a yanzu, kai ko ke, kada a jira darasi na gaba. A je asibiti cikin makon nan, a faɗi abin da aka gani, a nemi a duba wurin.